Yadda Nea Anghel Ya Girgiza Benenmu

A duk Bukarest mutum ɗaya na sani da yake roƙon a kafa wa gidansa jan ɗigo, kuma Allah ya haɗa ni da shi a bene ɗaya. Jan ɗigon nan faifai ne da hukumar birni take kafawa a ƙofar duk ginin da aka auna aka ga babbar girgizar ƙasa za ta iya kwantar da shi. Wasu kan faki ido su ɓamɓare nasu, wasu su ajiye tukunyar fure a gabansa. Shi kuwa Nea Anghel (Nea a wurinmu kamar a ce Kawu ne), maƙwabcina na hawan ƙarshe, nemansa yake yi ido rufe.

Matarsa Veturia ce dalili. Tun babbar girgizar saba'in da bakwai, tana budurwa, ba ta ƙara yarda da ƙasa ba. Kowa a garin nan in ya ji motsi fitilar silin yake fara dubawa, in tana lilo ƙasa ce, in tana tsaye jiri ne. Amma ita Veturia ko motar shara ce ta wuce sai ta ɗaga kai. Ana nan sai aka gyara benen da ke kallon namu, aka cika shi da rodi da siminti, hukuma ta biya ma'aikata, masu gidajen kuma suna biyanta kaɗan-kaɗan tare da harajin gida. Ranar da aka kwashe katakan aiki Veturia ta ce wa mijinta ko dai a ƙarfafa namu, ko ta koma wurin ƙanwarta a Cluj, inda ƙasa ba ta da wannan hali. Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya tsorata. Duk cika bakinsa, Nea Anghel bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba, kuma yana son matar nan kamar ransa.

Inda gizo yake saƙar, hukuma da masu jan ɗigo take farawa, mu kuwa ba mu da shi. Nea Anghel ya yi ta zarya a ofis har aka ce za a turo injiniya ta auna mu. Da ya dawo ya tara mu a gindin matakala. Ya yi shekaru yana jan labule a wani gidan wasan kwaikwayo, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ya gina gidan.

Ya ce, "Maƙwabta, injiniya mutum ce, kuma mutum abin da ya gani yake yarda da shi. Ni nan na nutsar da jirgin ruwa a kan dandamali, mata suna kuka. Na saukar da dusar ƙanƙara ana tsakiyar zafi. Ɗan benen nan ne zai gagare ni girgizawa?"

Tanti Aglaia, wato Gwaggo Aglaia, tsohuwar da ke ƙasan hawansa, wadda bakinta bai taɓa yin hutu ba, ta ce, "Labule dai ka ja, Anghel. Sau ɗaya na zo kallo, ranar ma maƙalewa ya yi."

"Zagon ƙasa aka yi mini ranar."

"Wa ya yi maka? Labulen?"

Nea Spiridon, tsohon direban bas mai tumbi, ya ɗaga hannu. "In sun gyara fa mu za mu biya."

"Kaɗan-kaɗan, cikin haraji," in ji Anghel. "Kafin a gama biya ni da kai mun daɗe a ƙasa. Magadanka ne za su ji a jikinsu."

Spiridon ya yi ɗan tunani. 'Ya'yansa sun daɗe ba su leƙo shi ba. Ya ce, "To a sa da ni."

Ni Pandele mai aski, da nake hawan farko, tun a wurin na san shirme ne. Na yarda ne kawai don Veturia. Mace ce mai kirki, kuma in ta tafi ban ga mai aiko mana da naɗin kabeji da nama ranar Kirsimeti ba.

Aikin farko tsaga ne. Nea Anghel ya ɗauki gawayi ya zana tsagogi a bangon matakala tun daga sama har ƙasa, masu rassa kamar bishiya. Ya ja da baya yana kallo, ya ce ko gwanin zane sai haka. Kafin ya gama cin abincin rana Tanti Aglaia ta bi su da soso da sabulu ta wanke tas, tana tsine wa 'ya'yan mutane marasa tarbiyya.

"Tanti, ai tsagata ce kika goge."

"To in tsaga ce me ya sa ta fita da sabulu?"

Wannan tambaya ta shige shi. Washegari ya zo da guduma da kurfi, ya ce yanzu zai yi wadda sabulu ba zai iya da ita ba. Ya sa kunne a bango ya ƙwanƙwasa, ya ce shi da jin sauti yake gane cikin gini. Bugu na farko ƙura ta tashi. Bugu na biyu ya samu bututun ruwa. Ina cikin yi wa wani aski a ɗakina, rabin fuskarsa kumfa, sai ga ruwa yana sauko mana ta matakala yana shigowa ta ƙasan ƙofa. Mutumin ya ɗage ƙafafunsa ya tambaye ni ko wankin ƙafa yana cikin kuɗin askin. Na fita da aska a hannu, raina a ɓace, na tarar da Anghel ya jiƙe sharkaf ya toshe ramin da babban yatsansa.

Ya ce, "Ka gani ko, Pandele? Ginin nan ruɓaɓɓe ne. Ɗan taɓa shi kawai na yi."

Bayan an kira mai gyaran famfo, sai ya fito da dabara ta biyu. Ya ce in duk mutanen bene suka yi tsalle lokaci ɗaya, dole gini ya amsa. Ya tsaya a tsakiyar matakala da murfin tukunya da ludayi, kowa ya tsaya a tsakar ɗakinsa, in ya buga mu daka tsalle. Ba a taɓa samun biyu da suka sauka tare ba. Tanti Aglaia ta ce gwiwoyinta ba na haya ba ne, ta zauna a kujera tana ɗaga diddige kawai. Spiridon kuwa ya ba da gaskiya, ya tashi sama da duk tumbinsa, da ya sauko kabad ɗin kwanukansa ya biyo shi. Mutanen benen da aka gyara suka fito baranda suna kallonmu ta taga. Wata a cikinsu ta ƙwalla wa Veturia tambaya ko biki ake yi ba a gayyace su ba.

Aka daina tsalle, domin Spiridon ya kwana biyu yana tafiya a karkace.

Kowa ya ɗauka shi ke nan an huta, sai ga Anghel ya sake tara mu, idonsa yana ƙyalli.

"Na gano kuskuren. Wa yake duban bango in ƙasa ta motsa? Fitila ake duba. Uwarka ta duba fitila, kakarka ta duba fitila. Ita ma injiniyar a garin nan aka haife ta. In fitila ta yi lilo magana ta ƙare."

Ya sayo igiyar fatsa, siririya wadda ido ba ya gani sosai. Ya bi ɗakin kowa ya huda silin kusa da fitila, ya ɗaura igiya, ya zura ta sama har ɗakinsa, inda duk igiyoyin suka haɗu a kan muciyar tuwon masarar Veturia. Ita za ta zauna can sama ta riƙa ja. Spiridon zai ɓuya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da fallen kwano, yana kaɗa shi don a ji rugugi. Alamar farawa kuwa, Anghel zai face hanci a matakala, don facewar hancinsa har titi ake jin ta, kamar hon ɗin mota.

A gwajin farko fitilar Tanti Aglaia ta tsinko ta faɗa cikin tukunyar miyarta. Ta hau sama da ludayi a hannu, ta tarar da Veturia tana ba da haƙuri, sai jikinta ya yi sanyi. Da gaske matar nan take jan igiyar, har da cije leɓe. Ta gaya wa Aglaia cewa ita ma ba son tafiya take yi ba, a ɗakin nan ta yi duk rayuwarta, tsoro ne kawai ya fi ƙarfinta.

Ni dai na ja Anghel gefe na ce, "Fitila za ta yi lilo, na ji. To ƙasa fa? In ta ga fitila tana rawa, daɓe yana tsaye, ai za ta gane."

Ya dafa kafaɗata. "Akwai mataki na ƙarshe. Sirrin sana'a ne, ko Veturia ban gaya wa ba. Ranar za ku ji shi a tafin ƙafarku."

Na san ba shi da wani sirri, don da yana da shi da tuni duk unguwa ta ji. Amma ya faɗa a gaban kowa, ya kuma maimaita har muka fara tunanin ko da gaske ne. Ya ƙara da yi mana huɗuba cewa ko da wasa kada wanda ya gudu, mai hankali ƙarƙashin dokin ƙofa yake tsayawa, matsoraci ne kawai yake bin matakala.

Injiniya ta zo da hantsi. Sorana sunanta, yarinya ce mai gajeren gashi, da 'yar guduma da wata na'ura kamar rediyo da take mannawa a bango. Anghel ya tarbe ta da kwat da ɗaurin wuya, ya ce ta taka a hankali don ginin ba ya son hayaniya. Ta ce daga ƙarƙashin ƙasa za ta fara. Wannan bai zo masa a lissafi ba. Muka sauka muka tarar da Spiridon tsaye cikin duhu, rungume da fallen kwano.

"Sannu, Nea. Me kake yi a nan?"

Spiridon ya dubi Anghel, ya dubi kwanon. "Gadinsa nake yi."

"Ana satarsa ne?"

"Tunda nake gadi dai ba a taɓa ba."

Ta gyaɗa kai ta shiga duba ginshiƙai. Daga nan muka hau ɗakina, Tanti Aglaia ta biyo mu wai ta zo aron gishiri. Sorana ta durƙusa a lungu ta ba mu baya, ta manna na'urarta a bango. Anghel ya leƙa matakala ya face hanci. Nan take fitilata ta fara lilo, rugugi ya taso daga ƙasa. Ni da Aglaia muka ɗaga kai muka buɗe baki yadda aka koya mana. Injiniya ko waiwaye.

"Injiniya, ba ki ji komai ba?"

"Na ji mai gadin kwano yana aiki."

"Ba za ki ɗan dubi sama ba?"

"Bango na zo dubawa, Nea Anghel. Fitila aikin masu lantarki ne."

Ya koma ya sake facewa, ya sake, har hancinsa ya yi ja kamar tattasai. Duk facewa ɗaya Veturia tana ƙara ƙarfi, fitilata tana neman taɓa silin. Sorana ta miƙe, ta ciro hankici na takarda daga jakarta ta miƙa masa, ta ce murar nan ya kamata likita ya gani. Daga nan ta ɗaga kai ta dubi fitilar, ta bi igiyar da ido har ramin silin, ta dubi kofin shayin da ke kan teburina wanda ko motsi ba ya yi. Ni kunya ta kama ni kamar in nutse.

A daidai nan shayin ya fara rawa.

Kofunan cikin kabad suka shiga kaɗa juna. Madubin askina ya karkace. Daɓe ya ɗan zame a ƙarƙashinmu kamar bas ta tashi ba a shirya ba, ya dawo, ya sake zamewa. Tanti Aglaia ta riƙe kujera, fuskarta cike da mamaki.

"Anghel, na janye maganar labule. Wannan kam ka iya."

Ni ma na juya in jinjina masa, don har ga Allah ya burge ni. Ban gan shi ba. Takalminsa ɗaya kawai na gani a bakin ƙofa.

Sorana ta riga ta tsaya ƙarƙashin dokin ƙofa. Ta ce, "Ku matso nan. Wannan ta gaske ce."

Aglaia ta ƙyafta mini ido, ta raɗa mini, "Ta faɗa tarko."

Girgizar ba ta daɗe ba, irin ƙananan nan ce da ke zuwa su tuna mana inda muke zaune. Amma duk layinmu ya fito titi, wasu da cokali a hannu, wasu da kyanwa a hammata. Na leƙa taga na hango Anghel a tsakiyar titi, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana ɗaga hannuwa yana ihu.

"Ku fito, ta gaske ce, ba ni ba ne!"

Aglaia ta leƙo kusa da ni ta tafa masa. "Ji yadda yake yi kamar gaske. Ashe asararsa aka yi a bayan labule."

Ƙasa ta natsu, fitilun kowa a layin suka tsaya, ban da namu. Veturia ba a ce ta daina ba, Spiridon ma haka. Jama'a suka juyo suna kallon bene ɗaya tilo da har yanzu fitilunsa suke lilo ta kowace taga, rugugi yana fitowa daga gindinsa. Aka fara ja da baya. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye. Mai gidan burodi ya ce tun da daɗewa yake zargin ginin nan, wani kuma ya ce a kira 'yan kwana-kwana. Anghel ya ga taro, jininsa ya ɗan dawo, har ya fara gyara ɗaurin wuya yana cewa ai ya sha gaya wa hukuma.

Sai tagar hawan ƙarshe ta buɗe. Veturia ta leƙo, gumi a goshinta, muciya a hannu da igiyoyi suna reto.

"Anghel, in ci gaba ko ya isa?"

Titi ya yi tsit.

Ita ba ta lura ba, murna take yi. "Yaya ka yi daɓen ya motsa? Har kujerata ta zame. Ka san ko ɗar ban ji ba? Na ce a raina wannan aikin mijina ne."

Ban taɓa ganin fuskarta a sake haka ba, kuma na so a ce an bar ta a haka. Amma matar nan ta benen da aka gyara, mai tambayar biki, ba ta iya riƙe magana.

"Tanti Veturia, ta gaske aka yi fa. Mijinki ne ya fara fitowa a duk layin nan. Ko karen mai burodi sai bayansa ya fito."

Dariya ta ɓarke daga wannan bakin titi zuwa wancan. Veturia ba ta yi dariya ba. Ta dubi muciyar, ta dubi nisan da ke tsakanin tagarta da ƙasa, ta dubi mijinta. Ta ja tagar ta rufe a hankali.

Sorana ta fito da jakarta, mu muna biye. Na leƙa ƙasa na ce wa Spiridon ya ajiye kwanon, an tashi. Anghel ya tare injiniya, bakin dai bai mutu ba.

"Kin dai gani da idonki. Yaushe za a kawo jan ɗigon?"

"Sai na kammala awo, amma kada ka sa rai," in ji ta. "Magina na da ba su yi wa ginin nan rowar siminti ba. Abin da na gani a layin nan, naku ya fi kowanne lafiya. Ciwonsa ɗaya, wani ya huda silin ɗin kowa, ya kuma fasa bangon matakala. Wannan ba ya cikin abin da hukuma take gyarawa. Wanda ya huda shi zai toshe."

"Ni na san wanda ya huda," in ji Aglaia. "Ga shi nan da takalmi ɗaya."

Veturia ta sauko. Igiya ta yi mata shaida a yatsu, ja-ja-wur. Jama'a suka buɗe mata hanya. Anghel ya tare ta da sauri.

"Veturia, kin ji ko? Ginin lafiyarsa ƙalau, injiniya ce ta faɗa. Ni na sa aka gano. Fitar da na yi kuwa, daga waje ake ganin yadda gini yake motsi, duk masani ya san haka. Yanzu nake shirin hawowa in ɗauko ki."

Ta ce, "Kai kaɗai ka san ta gaske ce."

"To, ai shi ya sa..."

"Ka wuce ta gindin matakala. Ko sunana ba ka kira ba."

Ta sunkuya ta ajiye masa takalminsa da ta tsinto a ƙofata, ta koma ciki.

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta dafa masa abincin da zai kai shi mako, ta nuna masa inda gishiri da sauran kaya suke, ta hau jirgin ƙasa zuwa Cluj. Ni na ɗaukar mata akwati zuwa tasha, don shi yana can yana gaya wa mai burodi cewa hutu ya tura ta, ta sha iskar duwatsu. Da ya iso tashar, jirgin ya riga ya fara motsi. Ya bi shi da ɗan gudu yana ɗaga hannu, na kau da kai don ban so in ga fuskarsa.

Ya toshe ramukan da kansa, a karkace, ya ce salon Italiya ne. Har yau in ka same shi a gindin matakala zai gaya maka shi ya ceci benenmu daga haraji. Amma duk Lahadi bayan an taso daga coci yakan sauko ɗakina ya ari waya, wai tasa ba ta jin Cluj sosai. Ni na san ɗakinsa ne ya yi masa shiru da yawa. Ina gyara almakashina ina jin su, don da ƙarfi yake magana, ita ma muryarta tana fitowa.

Ran Lahadin da ta wuce ya ce mata, "Veturia, an ɗan yi wata ƙarama shekaranjiya, ko kofi bai faɗi ba. Ginin nan yana nan daram. Ki dawo mana."

Can ta ce, "Na sani, Anghel. Ai ni yanzu ba ginin nake tsoro ba."